Yadda Ake Gyara Mas Ɗin Injin Mota Kafin A Ɗora Wa Batir Laifi

Batura da dama da ake cirewa daga motoci a garejojin Yamai lafiyarsu ƙalau. Mota ta ƙi tashi da safe, an murɗa makulli inji ya juya a kasale, ko kuma a ji ƙas sau ɗaya shiru ya biyo baya, nan take kowa ya ce batir ne. A sayo sabo, mota ta ɗan kwana biyu tana tashi, ciwon ya dawo. Daga nan a koma kan demarer, na'urar da ke juya inji ya tashi, a kwance shi, a sauya masa gawayi, a mayar. An bar jaki ana dukan taiki. Sau da yawa laifin yana jikin wata gajerar waya da ba wanda ya leƙa, wadda ta haɗa inji da jikin mota ko da kan batir. Ita ce mas, hanyar da wuta ke bi ta koma gida.

Wutar mota zagaye take yi. Tana fita daga kan batir mai alamar +, ta bi jar waya zuwa demarer ko fitila ko fanka, ta yi aikinta, sannan dole ta dawo kan batir mai alamar −. Masu ƙera mota ba su ja wa kowace na'ura wayar dawowa ba, sun bar ƙarfen inji da ƙarfen jikin mota su yi wannan aiki. To amma inji a kan robobi yake zaune don kada girgizarsa ta shiga cikin mota, roba kuwa ba ta wuce da wuta. Shi ya sa aka ɗaura waya mai kauri, ko saƙaƙƙen tagulla mai faɗi, tsakanin inji da jiki, aka ɗaura wata tsakanin batir da jiki. A motoci masu shasi daban, irin su Hilux da Land Cruiser, ɓangarorin uku ne: inji, shasi, da jikin da ke zaune kan shasin, shi ma a kan robobi. Duk wutar da ta fita, ta waɗannan 'yan wayoyi za ta dawo. Demarer na ƙaramar mota mai fetur yana jan amfiya 100 zuwa 200 lokacin tayarwa, na gazuwal yana wuce 300 cikin sauƙi.

Motocinmu suna da dalilai na musamman na kamuwa da wannan ciwo. Galibinsu tsofaffi ne daga Turai, sun sha shekaru a kan titunan da ake watsa wa gishiri lokacin ƙanƙara, kafin su sauka a tashar Kwatano ko ta Lome. Gishirin nan ya riga ya ci saƙaƙƙen tagullar tun can. Su zo nan su tarar da zafin Afrilu da Mayu mai haura digiri 40, wanda ke sa ruwan batir ya yi tururi ya ci kawunan, ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina da ake kutsawa cikinsa a unguwanni, ga girgizar hanyoyin jar ƙasa mai sassauta kowane noti. Ƙari a kan haka hannun mutane ne. An sauke inji an mayar, yaron gareji ya manta da wayar mas tana reto a bayan inji. An yi wa mota fenti, an ɗaure wayar a kan sabon fenti. Wannan na biyun ya fi ba ni takaici, domin ido zai ga komai tsaf.

Ban da wuyar tashi, akwai alamun da ke nuna mas kai tsaye. Fitilun gaba su dushe idan fanka ta tashi. Allurar zafin inji ta ɗaga da zarar an kunna fitilu, alhali injin bai ƙara zafi ba. A taka birki fitilar sigina ta ɗan haska. Rediyo ya riƙa kuka yana bin tashin inji da saukarsa. A motocin da ke da kwamfuta, fitilar gargaɗi ta kunna yau ta mutu gobe. Mafi muni ita ce wayar totur ko ta kuloci ko ta birkin hannu ta yi zafi, ko robarta ta narke. Wannan yana nufin wutar demarer ta rasa hanyarta ta bi ta nan, kuma gobara ba ta da nisa. Wanda ya ga haka ya ajiye motar.

Kayan aiki

Mita mai auna volt ita ce kan gaba, ko da ƙarama ce mai araha, muddin tana nuna lamba biyu bayan ɗigo. Sai sufana lamba 10, 12 da 13 (motocin Japan sun fi son 10 da 12, na Turai 10 da 13), burushin ƙarfe, sanfefa, bikarbonat da ruwa, girisi ko basilin, da waya guda daga cikin wayoyin da ake ba mota wuta da su. Kana kuma bukatar mutum na biyu da zai murɗa makulli. Cire zobe da agogon ƙarfe kafin ka sa hannu. Zobe da ya haɗa kan batir da ƙarfen mota yana yin ja cikin ƙiftawar ido. Kada a sha taba kusa, batir yana fitar da iska mai kamawa da wuta.

Fara da wanke batir daga zargi

Sa mita a kan DC 20. Mota a kashe, ta ɗan huta, ɗora jan tsinke a kan + baƙi a kan −. Cikakken batir yana nuna wajen 12.6, idan ka ga 12.2 ya kai rabi. Ka yi masa caji tukuna, domin awo da batir mara ƙarfi ruɗa ka zai yi. Sannan a murɗa makulli kana kallo: bai kamata lambar ta faɗi ƙasa da 9.6 ba yayin da inji ke juyawa. Idan mota ta tashi, altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji, in lafiyarsa ƙalau yana ba da tsakanin 13.5 da 14.5. Batir da ya tsaya a 11 ko fiye lokacin tayarwa amma inji yana jan ƙafa, ba shi ne mai laifi ba. Wutar tana nan, hanya ce ta toshe.

A nan zan roƙi masu gyara su bar wata al'ada: cire kan batir inji yana aiki don a gane ko altaneta na caji. A tsohuwar mota mai kafireto ma haɗari ne, a mai kwamfuta kuwa wutar tana iya tsalle ta ƙona abin da kuɗinsa ya ninka na batir. Mita ta wadatar.

Awon da ke fito da gaskiya

Mutane da yawa suna juya mita zuwa wurin om, ma'aunin tirjiyar da wuta ke gamuwa da ita a hanya, su taɓa batir da inji, su ji ta yi ƙara, su ce mas lafiya lau. Wannan awo ba ya faɗin komai. Ko zare ɗaya tal ya rage a cikin wayar, mita za ta yi ƙara, saboda wutar da take turawa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Duba lissafin. A ce tsatsa ta kawo tirjiya ta om 0.01 a mahaɗa guda, abin da ƙaramar mita ba za ta ma gani ba. Idan amfiya 200 ta bi ta wurin, volt 2 ne suka salwanta, kuma wat 400 na zafi ke taruwa a kan noti guda. Demarer da ya kamata ya samu 10.5 ya koma samun 8.5. Saboda haka ana auna mas ne lokacin da yake ɗauke da kaya, kuma volt ake aunawa.

Ga yadda ake yi. A cire giya, a ja birkin hannu. Hana injin tashi domin ka samu daƙiƙun kallo: a mota mai kwamfuta zare fiyus ɗin famfon mai, a mai kafireto cire ƙaramar wayar da ke kai wuta ga koyil, a tsohuwar gazuwal cire wayar da ke buɗe mai a jikin famfo. Ɗora baƙin tsinke a kan dalmar batir ita kanta, tsakiyar kan −, ba a kan kos, wato ƙarfen bakin waya da ya kama ta, ba. Wannan bambanci yana da nauyi, za ka ga dalili. Jan tsinke kuma ka danna shi a kan ƙarfen inji mai tsabta, mafi kyau jikin demarer idan hannu na kaiwa. Kafin a murɗa makulli mita za ta nuna sifiri ko kusa da shi. Yanzu abokin aikinka ya murɗa na daƙiƙa biyar, kada ya wuce goma. Abin da mita ta nuna a wannan lokaci shi ne wutar da ke ɓacewa a hanyar dawowa. Daga 0.2 zuwa ƙasa, madalla. 0.3 iyaka ce. Daga 0.5 zuwa sama akwai aiki a gabanka, kuma a motocin da suka daɗe ba abin mamaki ba ne a ga volt ɗaya ko fiye.

Idan lambar ta yi yawa, bi hanyar gaɓa-gaɓa, kowane karo ana murɗa makulli, ana barin demarer ya huta tsakani. Tsinke ɗaya a kan dalma, ɗaya a kan kos: nan za ka gane ko dattin yana tsakaninsu. Sannan daga kos zuwa ƙarshen wayar, wato lafiyar wayar kanta. Sannan daga ƙarshen wayar zuwa ƙarfen da aka ɗaure ta. Kowace mahaɗa bai kamata ta ci fiye da 0.1 ba. Inda lambar ta yi tsalle, nan ciwon yake. Hannu ma yana taimakawa: bayan an murɗa, taɓa mahaɗun a hankali, wadda ta yi ɗumi ta tona kanta.

Jikin mota kuma awonsa daban. Mayar da fiyus, tayar da inji, kunna manyan fitilu da fanka da na'urar sanyi in akwai. Daga kan − zuwa ƙarfen jiki mara fenti, nemi 0.1 ko ƙasa. Daga kan − zuwa jikin altaneta, kada ya wuce 0.2. Rubuta duk lambobin nan a takarda, za ka bukace su a ƙarshe. Ka kula da bel da fanka, kada hannun riga ya kusance su.

Wanda mota ta mace masa a hanyar Dosso ko ta Filinge babu mita, yana da dabara guda. Ya kama wayar ba da wuta, baki ɗaya a kan − na batirinsa, ɗaya bakin a ƙarfen inji. Idan inji ya juya da ƙarfi nan take, ya san inda matsalar take, kuma zai kai gida.

Wankewa kafin ƙari

Kashe mota, zare makulli. Idan rediyonka mai lambar sirri ne, tabbatar kana da ita. Kwance kan − da farko, sannan +. Dalili shi ne muddin − yana haɗe, sufanar da ke kan + idan ta taɓa ƙarfen mota za ta yi tartsatsi mai ƙona hannu. Wajen mayarwa kuma + ne farko, − a ƙarshe.

Farin gari ko shuɗi-shuɗin da ke kan kawunan, zuba masa ruwan bikarbonat, cokali guda a kofi. Zai yi kumfa. Kada ya shiga cikin ramukan batir. Wasu suna amfani da kanwa, tana kashe tsamin kam, sai dai akwai gishiri a cikinta, ga shi gishiri muke gudu, don haka wanda ya yi da ita ya ɗauraye sosai. Bushe wurin, goge dalmar da cikin kos har su yi ƙyalli. Kos da ya buɗe har ba ya kamawa, a sauya shi. Kada a cusa ƙusa ko guntun gwangwani a tsakani, kada kuma a doka shi da dutse. Duka yana fasa inda dalmar ta shiga cikin batir, daga nan ruwan ya riƙa tsattsafowa, garin nan ya dawo kowane wata.

Yanzu bi baƙar wayar da hannu har inda ta ƙare. Lanƙwasa ta kusa da bakin: idan ta yi tauri kamar itace, ko ta kumbura a ƙarƙashin roba, ko ka yanka robar kaɗan ka ga kore, tsatsa ta shige ciki, wanki ba zai yi mata magani ba. Nemo saƙaƙƙen tagullar inji. Yawanci tana kusa da robar da inji ke zaune a kai, ko tsakanin akwatin giya da jiki, ko daga bayan inji zuwa bangon da ya raba inji da direba. Wani lokaci sai an shiga ƙarƙashi, kuma ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya ɗaga. Kwance kowane noti, goge fuska uku: bakin wayar gaba da baya, ƙarfen da zai zauna a kai, da ƙarƙashin kan notin. Fenti ya fita gaba ɗaya, faɗin kwabo ya isa, har farin ƙarfe ya bayyana. Ɗaure a bushe, ƙarfe kan ƙarfe, sannan ka shafe saman da girisi don ruwa da iska kada su samu shiga. Notin sufana 10 ƙarami ne, ƙarfinsa bai wuce Nm 10 ba (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure noti), yana karyewa a hannun mai zafin nama. Na 12 ko 13 yana ɗaukar wajen 22 zuwa 25.

A kan inji za ka ga wasu ƙananan wayoyi, biyu ko uku a noti ɗaya, galibi a jikin bututun shigar iska ko kan silinda. Mas ɗin kwamfuta da na'urorin awo ne. Goge su ka mayar da su daidai inda suke. Kada ka canza musu wuri don ka ga wani notin ya fi kyau, kamfani ya zaɓi wurin da dalili.

Sake awo a nan. Mota da yawa aikinsu ya ƙare ke nan, ba a sayi komai ba.

Idan sai an sa sabuwar waya

Kauri ne farko. Daga batir zuwa inji, da kuma daga inji zuwa jiki idan ta nan wutar demarer ke bi, milimita murabba'i 25 ga ƙaramar mota mai fetur irin Starlet da Corolla da ake tasi da su, 35 ko 50 ga gazuwal. Daga batir zuwa jiki 16 ta isa, muddin ba ta nan wutar demarer ke bi ba. Ƙa'ida mai sauƙi: wayar mas da wutar demarer ke bi kada ta gaza jar wayar demarer kauri. Wayar injin walda ta fi dacewa, zarenta sirara ne masu yawa, tana lanƙwasa ba ta karyewa. Wayar wutar gida mai 'yan zaruruwa masu tauri ba ta jure girgiza.

A kasuwa, ko Katako ko Wadata ko wani shago, ka buɗe ido. Akwai wayar da cikinta alminiyom ne aka shafa mata tagulla a sama, robarta kuma aka yi ta da kauri don ta cika ido. Ka ce wa mai kaya, "Maigida, a ɗan yanka mini bakinta in gani." Kankare zaren da wuƙa. Idan fari ya fito, ajiye. Tagullar gaskiya ja ce har ciki, kuma tana da nauyi a hannu. Araha ba ta ado. Tsohuwar wayar mas da aka ciro daga babbar mota a wurin masu kayan kwance, in dai cikinta bai yi kore ba, ta fi sabuwar alminiyom nesa ba kusa ba.

Bakin wayar, wato kos mai rami, ya zama na tagulla, raminsa daidai da notin. A matse shi da abin matsewa na gaskiya, wanda masu gyaran wutar manyan motoci suke da shi. Bugu da guduma yana barin rami a ciki inda danshi zai zauna. Dalma kaɗai ba tare da matsewa ba ita ma ba ta yi: tana bin zaren ta sandare shi, ya karye daidai inda ta tsaya. Bayan matsewa ka ja da ƙarfi, idan ya motsa a sake. Rufe wuyan da robar da ke tsukewa da zafi.

Inda za a ɗaure a jikin inji yana bukatar natsuwa. Mafi kyau shi ne notin da ya riƙe demarer, ko na kusa da shi inda inji ya haɗu da akwatin giya, ko wani ramin zare da kamfani ya bari babu komai. Nisanci notin kan silinda, an ɗaure su da awo kuma kwance ɗaya yana iya jawo yoyo. Nisanci na salansa saboda zafi, da duk abin da ya shafi bututun mai ko na birki. Murfin saman inji shi ma ba wuri ba ne, a kan roba yake zaune. Idan ka sa wayar ƙarƙashin notin demarer, duba cewa zaren da ya rage ya isa ya kama sosai. A jikin mota nemi ƙarfe mai kauri mai ramin zare. Sukurun da ke huda falle da kansa ba ya ɗaukar wuta mai yawa, kuma hanya za ta sassauta shi.

Wayar ta zama gajera, amma ka bar mata ɗan sako-sako tsakanin inji da jiki, domin inji yana motsi duk lokacin da aka taka totur, wayar da aka ja ta tsam za ta tsinke. Ɗaure ta nesa da bel, fanka da salansa, kada ta goga da kaifin ƙarfe. Tsohuwar idan tana da sauran rai a bar ta, sabuwar ta zama ƙari. A mota mai shasi ka tabbata dukkan ukun, inji da shasi da jiki, sun haɗu, har da akwatin baya idan fitilun baya suna wasa.

Akwai motocin zamani da ke da wata ƙaramar na'ura maƙale a kan − na batir, da siririyar waya tana fita daga gare ta. Ita ke ƙirga wutar da ke shiga da fita, kwamfuta kuma da ita take tsara caji. A irin waɗannan kada ka ɗaura sabuwar waya a kan batir kai tsaye, za ta zagaye na'urar lissafi ya rikice. Ɗaura ta a inda wayar asali ta sauka a jikin mota, ka ja daga nan zuwa inji.

Game da tarin wayoyi masu launi da ake sayarwa, biyar ko shida, ana cewa suna ƙara wa inji ƙarfi ko rage shan mai: a motar da mas ɗinta yake lafiya ba sa ƙara komai. Inda aka ga canji, dama can akwai ciwo, kuma waya ɗaya mai kauri a wurin da ya dace da ta yi aikin.

Haɗa batir, + sannan −, shafa basilin a sama. Maimaita awon nan uku, ka gwada da lambobin da ka rubuta. Idan daga batir zuwa inji ya sauko ƙasa da 0.3 amma har yanzu inji yana juyawa a kasale, yi wa ɓangaren + awo iri ɗaya: tsinke ɗaya a dalmar +, ɗaya a babban notin demarer, a murɗa makulli, kada ya wuce 0.5. Ka kula tsinken kada ya haɗa notin da jikin demarer. Sai ɓangarorin biyu sun fita lafiya, batir kuma ya ci jarrabawarsa, sannan ake kwance demarer. Bayan mako guda a kan hanya ka sake bin notocin da sufana, domin sabuwar tagulla takan ɗan kwanta, sannan ka riƙa leƙa su sau biyu a shekara, kafin saukar damina da bayan ɗaukewarta.